FASHIN BAƘI: Yadda tsaunuka ke tankaɗe gwanayen zabura a manyan gasannin tseren keke

A ranar 21 ga Yulin 2024, a birnin Nice na ƙasar Faransa, Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritiriya ya hau dandamali sanye da koriyar riga, wato kyautar wanda ya fi kowa tara maki a gasar tseren keke ta Tour de France. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya taɓa lashe ta. Duniya ta fi tunawa da zanguna uku da ya cinye a waccan shekara, a Turin da Colombey-les-Deux-Églises da Villeneuve-sur-Lot, kuma kowannensu a cikin 'yan sakan-sakan na ƙarshe aka raba gardama. Sai dai ba a miƙa rigar sai ga wanda ya kai ranar ƙarshe, kuma kafin ya kai, sai da ya ƙetare Galibier da Tourmalet da Bonette, tsaunukan da suka sha mayar da gwanaye irinsa gida. Mahaya 176 ne suka fara gasar, 141 suka kammala.

Wannan batu ya shafi mai karatu a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar fiye da yadda zai zata. Ƙasar masarautar Gumel shimfiɗaɗɗiya ce, keke kuwa tsohon abin hawa ne na zuwa makaranta da gona da kasuwa. Idan har wannan yanki zai fitar da ɗan tsere wata rana, yanayin ƙasar zai fi kusantar da shi ga ajin Girmay. Shi kuwa wannan aji a kan tsauni ake yanke masa hukunci, kuma kowane irin tsauni da hanyar da yake bi ya kayar da shi.

Wane ne ɗan zabura?

Manyan gasannin tseren keke na duniya uku ne: Giro d'Italia a Italiya, Tour de France a Faransa da Vuelta a España a Sifaniya. Kowace takan ɗauki mako uku, an kasa ta zango 21, kusan zango ɗaya a kowace rana. Zango ɗaya yakan kai kilomita 150 zuwa 200, ko fiye. Don kwatance, tsakanin Gumel da Kano kimanin kilomita 120 ne. Mahayan suna tafiya ne a dunƙule, cikin babban ayari, domin iska ce babbar abokiyar gabar mai keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Wanda ya fake a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin da zai kashe, wanda ke tsakiyar ayari kuwa ya fi haka samun sauƙi.

A cikin wannan ayari akwai waɗanda ake kira sifirinta, wato 'yan zabura. Aikinsu shi ne su yini a ɓoye suna tattalin ƙarfi, abokan ƙungiyarsu na kare su daga iska, sai an zo mita 200 ko 300 na ƙarshe su zabura kamar dokin sukuwa, gudunsu ya kai kilomita 65 zuwa 70 a awa ɗaya. Ana auna ƙarfin da mahayi ke zubawa a feda da ma'aunin wat, kuma gwanin zabura yakan haura wat 1,500 na ɗan lokaci kaɗan. Irin wannan ƙarfi na bukatar manyan tsokoki, tsoka kuwa nauyi ce. Marcel Kittel na Jamus ya haura kilo 80 a zamanin tserensa, alhali gwanayen hawa irin su Jonas Vingegaard na Denmark da Nairo Quintana na Kolombiya nauyinsu kimanin kilo 60 ne.

Da hanya ta miƙe sama, lissafi sai ya juye. Gudu yakan sauko zuwa kilomita 15 ko 20 a awa, fakewa a bayan wani ta rage amfani, abin da ya rage shi ne ƙarfin da mutum ke iya bayarwa a kan kowane kilo na jikinsa. Gwanin hawa na iya riƙe wat 6 a kan kowane kilo na tsawon rabin awa ko fiye. Ga mai kilo 60, wannan wat 360 ke nan. Mai kilo 80 kuwa sai ya ba da kusan wat 480 kafin ya jera da shi, kuma jikin da aka horar domin fashewar sakan 15 ba zai iya riƙe hakan ba. Nauyin da ya ba shi nasara jiya shi ne kayan da zai ɗauka zuwa ƙololuwa yau.

Masu shirya gasa sun kasa hawa aji-aji, daga na 4 mafi sauƙi zuwa na 1, sai kuma wanda ya wuce aji, wanda aka shigo da shi Tour de France a 1979. Ana faɗin miƙewar hawa da kashi cikin 100: kashi 8 na nufin a kowace mita 100 da aka tafi, hanya ta ɗaga sama da mita 8. Shahararren hawan Alpe d'Huez tsawonsa kilomita 13.8 ne, matsakaicin miƙewarsa kashi 8.1, yana da kwana 21.

Wa'adi da ayarin baya

Ɗan zabura bai damu da ko na nawa zai zo a zangon tsauni ba. Damuwarsa ita ce wa'adi. A kowane zango, dole kowane mahayi ya iso cikin wani kaso na lokacin wanda ya zo na ɗaya, in ba haka ba a sallame shi daga gasar baki ɗaya. Kason ya danganta da ajin wahalar da masu gasa suka ba zangon tun kafin a fara, da kuma matsakaicin gudun wanda ya yi nasara. Alal misali, idan na ɗaya ya shafe awa 5 kuma kason ranar 12 ne cikin 100, na baya yana da minti 36. Ba a sanin ainihin wa'adin sai na farko ya taka layi, saboda haka na baya yana tsere ne da agogon da bai gama bayyana ba. A can ƙarshen jerin motocin gasa kuma akwai wadda ake yi wa laƙabi da motar tsintsiya, mai kwashe duk wanda ya sare.

Dabarar da 'yan zabura suka daɗe da ita ita ce haɗuwa wuri guda. Da hawa ya yi tsanani, sai su da 'yan rakiyarsu da duk wanda ciwo ko gajiya ta kama su haɗa nasu ayarin a baya, wanda Italiyawa ke kira gurufeto. A nan gabar ƙungiya takan kwanta: ana raba ruwa da abinci, ana karɓa-karɓar shiga gaba a cikin kwari, kuma akan samu wani tsohon hannu ya zama madugu, yana lissafin mintin da za a iya asara a kan kowane hawa. Yawan jama'a ma kariya ce, domin alƙalai kan yi nauyin hannu wajen korar rabin gasa a rana ɗaya. Wanda ya ɓalle daga wannan ayari ya koma shi kaɗai, shi ne ya fi kowa shiga haɗari.

Dogon zango mai ƙarewa a ƙololuwa

Wannan shi ne nau'in da 'yan kallo suka fi sani: kilomita 180 zuwa 200, manyan hawa uku ko huɗu, layin ƙarshe a saman tsauni. Wahalarsa ta tarin gajiya ce, mutum ya shafe awa shida ko fiye a kan sirdi. Babban aibinsa ga ɗan zabura shi ne babu gangara bayan hawan ƙarshe, don haka duk mintin da ya zube a can ya tafi ke nan. Amma yana da sassauci ta fuska biyu. Tsawon lokacin yakan faɗaɗa wa'adi, sannan kwaruruwan da ke tsakanin tsaunuka kan ba ayarin baya damar rage tazara.

Duk da haka, lissafi kan kuskure. A zango na 18 na gasar 2011, wanda ya ƙare a saman Galibier, sama da mita 2,600 daga matakin teku, Andy Schleck na Luxembourg ya kai hari tun da sauran kimanin kilomita 60. Mahaya 88 suka iso bayan wa'adi, ciki har da Mark Cavendish na Birtaniya da ke sanye da koriyar riga. Saboda yawansu aka bar su suka ci gaba, amma aka zaftare wa kowannensu maki 20. Washegari a Alpe d'Huez aka sake yanke wa Cavendish wasu 20. Ya lashe rigar a Paris duk da haka, domin ya riga ya tara rarar maki a shimfiɗaɗɗun zanguna.

A 2022 kuma, a Peyragudes, an ga Fabio Jakobsen na Holan yana jan keke a hawan ƙarshe abokan ƙungiyarsa na tsaye a bakin layi suna yi masa ihu. Ya tsira da tazarar da ba ta kai sakan 20 ba.

Gajeren zango mai zafi

Mai kallo zai ɗauka gajeren zango rahama ne, alhali shi 'yan zabura suka fi tsoro. Tun da wa'adi kaso ne na lokacin na ɗaya, idan aka gama zango cikin awa 3, ko da kason ya kai 15 cikin 100, minti 27 kawai ya rage wa na baya. Ga shi hawan bai ragu ba, an dai cire kwaruruwan da ake hutawa a cikinsu. Su kuwa masu neman lashe gasar gaba ɗaya, da yake tafiyar ba ta da nisa, ba su da dalilin tattalin ƙarfi, sukan buɗe wuta tun daga farko.

Gasar 2018 ta nuna hakan ƙarara. Zango na 11, daga Albertville zuwa La Rosière, kilomita 108.5 ne kacal. Cavendish da Kittel da Mark Renshaw duk suka makara, aka sallame su. Washegari, a kan hanyar Alpe d'Huez, André Greipel da Fernando Gaviria da Dylan Groenewegen suka sauka daga keke. Cikin kwana biyu gasar ta rasa akasarin manyan 'yan zaburarta, ciki har da Gaviria da Groenewegen waɗanda kowannensu ya ci zango biyu a kwanakin farko.

A gasar Sifaniya ta 2016, a zangon Formigal mai kimanin kilomita 118, Alberto Contador da Quintana sun kai hari tun a kilomitocin farko. Mahaya 93 suka iso bayan wa'adi, da tazara mai yawa, amma aka mayar da su. Hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce, domin wasu na ganin na bayan sun haɗa baki ne suka ƙi wahalar da kansu, sun san ba za a iya korar su duka ba.

Hawa tun daga ƙofar gari

Inda aka ajiye hawa a cikin zango yana da muhimmanci kamar tsayinsa. Idan hawan farko ya zo bayan kilomita 80, ɗan zabura ya samu rabin yini a cikin inuwar ayari. Idan kuwa tuta na sauka hanya ta miƙe sama, lokacin da kowa ke kokawar ɓallewa gaba, zai iya zubewa tun a kilomita 5, kafin ayarin baya ya haɗu. Daga nan sai ya fuskanci sauran tafiyar da mutum biyu ko uku, ko shi kaɗai.

Haka ta faru da Arnaud Démare na Faransa a 2017. Ya ci zango na 4 a Vittel, amma ya shiga zango na 9, daga Nantua zuwa Chambéry, ba shi da cikakkiyar lafiya. Zangon ya fara da hawa, yana kuma ɗauke da tsaunuka uku da suka wuce aji. Ƙungiyarsa ta FDJ ta bar masa mutum uku su raka shi, dukkansu huɗu suka makara aka sallame su. Wannan ita ce cacar da kowane manajan ƙungiya ke yi: ya tura 'yan rakiya baya don ceto gwani, ko ya haƙura da shi ya tsira da sauran.

Tuddai masu hawa da sauka

Akwai zangon da babu babban tsauni ko ɗaya a cikinsa, sai tuddai bakwai ko takwas a jere. Masu gasa kan ba shi ajin wahala na tsaka-tsaki, wa'adinsa kan fi matsewa, amma jimillar hawansa kan kusanci ta zangon manyan tsaunuka. Zangon farko na 2024, daga Florence zuwa Rimini, kilomita 206 ne da hawa bakwai, jimillarsu kimanin mita 3,600, ga zafin rana. Cavendish, yana da shekara 39, ya zube tun a hawan farko, aka gan shi yana amai a kan keke, ya iso bayan na ɗaya da minti 39. Kwana huɗu bayan haka ya ci zango na 5 a Saint-Vulbas, nasararsa ta 35, ya karya tarihin Eddy Merckx na Beljiyam mai 34. Da ya sare a ranar farko, da tarihin bai kafu ba.

Irin wannan zango kuma makami ne a tsakanin 'yan zabura su kansu, domin ba dukkansu ne nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya ɗan fi iya hawa yakan sa ƙungiyarsa ta ƙara wuta a kan tudu don ta yar da abokin hamayya. A zango na 16 na 2017, ƙungiyar Sunweb ta yi wa Kittel haka, Michael Matthews na Ostareliya ya ci zangon. Washegari Kittel, mai zango biyar a hannu da koriyar riga a jiki, ya faɗi ya fita daga gasar, rigar ta koma hannun Matthews.

Gajeren hawa dab da ƙarshe

Nau'i na biyar ba ya korar kowa daga gasa, nasara kawai yake ƙwacewa. Tudu ne na kilomita ɗaya zuwa biyar da aka dasa kusa da layi. A tseren yini ɗaya na Milan zuwa San Remo, mai kusan kilomita 300, hawan Poggio bai kai kilomita 4 ba, miƙewarsa ba ta kai kashi 4 ba, amma yana zuwa ne bayan awa shida na tafiya, kuma daga samansa zuwa layi bai wuce kilomita 6 ba. Ɗan zabura da ya bari aka ba shi tazarar sakan 10 a can ba lallai ya sake ganin na gaba ba. Cavendish ya tsallake wannan tarko a 2009, Jasper Philipsen na Beljiyam a 2024.

A nan ne Girmay ya yi fice. Nauyinsa kimanin kilo 70 ne, kuma yakan jure gajeren hawa fiye da takwarorinsa. A Maris na 2022 ya lashe tseren Gent-Wevelgem a Beljiyam bayan ya ƙetare tudun Kemmelberg mai daɓen duwatsu tare da na gaba, sannan a watan Mayun shekarar ya ci zangon Jesi mai tuddai a gasar Italiya.

Tsayi, sanyi da gangara

Bayan miƙewar hanya, akwai tsayin wurin. Yayin da ake ƙara sama, iskar shaƙa na raguwa, kuma ƙarfin numfashin ɗan wasa kan ragu da kimanin kashi 6 cikin 100 a kowace mita 1,000. Tourmalet mita 2,115 ne, Bonette 2,802. Girmay ɗan Asmara ne, birnin da ke sama da mita 2,300, don haka jikinsa ya saba da abin da sauran ke zuwa sansanin horo su nema.

Zafi ma kan ragu da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000, kuma na baya ya fi kowa daɗewa a cikin ruwa da sanyi. A zango na 9 na 2021, zuwa Tignes, cikin ruwan sama, Démare ya sake makara. A ranar ce Nic Dlamini, baƙar fata na farko daga Afirka ta Kudu da ya shiga gasar, ya faɗi a gangara, ya ƙi shiga mota, ya ƙarasa shi kaɗai bayan na ɗaya da kusan awa ɗaya da rabi, yana sane da cewa an riga an sallame shi.

Gangara ce kaɗai wurin da nauyi ke zama riba. Ayarin baya kan sauko da gudun kilomita 80 zuwa 90 a awa don maido da abin da hawa ya ci, galibi ba tare da kyamara na kallo ba. Farashin kuskure a nan rai ne. Wouter Weylandt na Beljiyam ya rasu a gangaren Passo del Bocco a gasar Italiya ta 2011, Gino Mäder na Siwizalan kuma a 2023 bayan faɗuwa a gangaren Albula a gasar ƙasarsu.

Maki a tsakiyar tsauni

An ƙirƙiro koriyar riga a 1953. A tsarin shekarun nan, wanda ya ci shimfiɗaɗɗen zango yana samun maki 50, na tuddai 30, na manyan tsaunuka 20. Bugu da ƙari, kowane zango na da layin zabura a tsakiyar hanya mai maki 20. Idan layin ya zo kafin hawan farko, 'yan zabura kan ƙone ƙarfinsu a kansa sannan su biya bashin a sauran yinin. Idan ya zo bayan hawa, sai mai iya ƙetarewa ya kwashe. Thor Hushovd na Norway ya ɓalle shi kaɗai a cikin tsaunukan Alps a 2009 don ya tara irin waɗannan maki a kan Cavendish, kuma da wannan salo Peter Sagan na Slovakia ya lashe rigar sau 7. Girmay ya faɗi a Nîmes a zango na 16 na 2024, ratarsa ta ragu, amma ya riƙe ta a makon tsaunuka, ya gama da maki 387, Philipsen 354. Mario Cipollini na Italiya kuwa ya ci zango 12 a Tour de France, amma bai taɓa kai wa Paris ba, don haka bai taɓa ɗaukar rigar zuwa gida ba.

Mai zana hanya shi ke raba rabo

Duk waɗannan ba ƙaddarar ƙasa ce kaɗai ba, shawarar mutane ce. Kamfanin ASO ne ke da Tour de France, Christian Prudhomme ke jagorantarta tun 2007, kuma su ke yanke tsawon zango da wurin hawa da kason wa'adi. Gajerun zangunan tsauni sun yawaita ne saboda sun fi riƙe mai kallon talabijin. Tun 1975, ban da shekarar 2024, ake rufe gasar a titin Champs-Élysées, ranar da aka ɗauka ta 'yan zabura ce, ladan wahalar mako uku. A 2025 aka shigo da tudun Montmartre sau uku a zangon ƙarshe, ayari ya watse, Wout van Aert ya iso shi kaɗai.

Afirka ta ɗanɗana wannan a gida. A Satumban 2025 aka yi gasar cin kofin duniya ta tseren keke a Kigali, babban birnin Ruwanda, karo na farko a nahiyar. Hanyar maza ta kai kilomita 267.5, jimillar hawanta ta haura mita 5,400, a birnin da ke kimanin mita 1,500 sama da teku. Tadej Pogačar na Sulobeniya ya lashe, mahaya 30 kacal suka kammala daga cikin fiye da 160. Tun kafin ranar, Girmay ya bayyana cewa hanyar ba ta dace da irinsa ba. Ma'ana, nahiyar ta karɓi baƙuncin gasar a kan hanyar da ta rufe wa babban gwaninta ƙofa.

Abin da ya rage wa ƙasar Gumel

Tsayin ƙasar Gumel daga teku bai kai mita 500 ba, kuma mai keke zai tashi daga Gagarawa ya bi ta Gumel har kasuwar Alhamis ta Maigatari bai gamu da hawan da za a ba aji ba. Wannan ba hukuncin kisa ba ne. Holan da arewacin Beljiyam ma shimfiɗaɗɗu ne, kuma su ke fitar da da yawa daga cikin manyan 'yan zaburar duniya. Iska ce ke horar da su, kuma wanda ya saba tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu daga arewa maso gabas, ko zafin bazara mai haura digiri 40, ya san wani abu game da juriya. Burkina Faso, mai ƙasa irin ta Sahel, tana gudanar da gasar Tour du Faso tun 1987.

Bambancin shi ne ƙungiyoyin Turai kan kwashi mahayansu zuwa tsaunin Teide a tsibirin Tenerife ko Sierra Nevada a Sifaniya su yi makonni. Nijeriya na da nata wuraren: tudun Jos mai sama da mita 1,200, hanyar Obudu a Kuros Riba mai hawan kilomita 11 da kwanoni fiye da 20, da tsaunin Mambila a Taraba mai haura mita 1,500. Abin da ke tsakanin yaron Sule Tankarkar da waɗannan wurare shi ne kuɗin mota, keken tsere, mai horarwa da jadawalin gasa, kuma duk waɗannan maganar kasafi ce. Girmay ma bai tashi daga Asmara ya faɗa Faransa kai tsaye ba: ya fito daga ƙasar da ke da gasannin cikin gida a kai a kai, sannan ya samu gurbi a cibiyar horo ta hukumar tseren keke ta duniya, UCI, da ke Aigle a Siwizalan a 2018.

Halin da wasan ke ciki a Nijeriya ya fito fili a gasar Olamfik ta Paris a 2024. Ese Ukpeseraye, 'yar Nijeriya ta farko da ta shiga tseren keke a Olamfik, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren cikin fili. Hukumomi sun ce gurbin ya samu ne a ƙurarren lokaci. Wannan kuwa a ƙasar da ke da filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja tun wasannin Afirka na 2003. A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta rushe ma'aikatar wasanni ta mayar da aikin hannun Hukumar Wasanni ta Ƙasa.

Saboda haka tambayoyin da matashin Jigawa zai iya kai wa gaban ɗan majalisarsa da hukumar wasanni ta jiha a bayyane suke: nawa aka ware wa wasannin da ba ƙwallon ƙafa ba a kasafin bana, nawa aka saki, mahaya nawa jihar ta tura bikin wasanni na ƙasa da ake yi tun 1973, kuma sau nawa aka kai su Jos kafin a tura su. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa na iya koya wa yaro zabura. Ƙetare tsauni cikin wa'adi kuwa sai an ɗauke shi an kai shi inda tsaunin yake.